Yadda Ake Ɗibar Ƙasa Da Amfanin Gona Don Gwajin Guba A Kusa Da Wuraren Haƙar Ma'adinai

Gonar da gubar dalma ta shiga ba ta nuna alama. Masara za ta yi kore shar ta fid da goyo, alayyafo ya yi faɗin ganye, mai gona yana ta hamdala, alhali ƙasar da 'ya'yansa ke birgima a ciki tana ɗauke da abin da zai taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ido ba ya ganin ta, hanci ba ya jin ta. Sai dai a ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji, shi kuma ɗakin gwaji abin da ka miƙa masa kaɗai yake aunawa. In ka ɗebo ba daidai ba, za a ba ka takarda mai hatimi da sa hannu, amma ba labarin gonarka take bayarwa ba. Rabin aikin yana hannun mai ɗiba, kuma shi zan koya maka a nan.

Mu a Jihar Kaduna zancen bai yi mana nisa ba. Ana haƙar zinare a yankin Birnin Gwari tun zamanin Turawa, ana haƙar kuza da duwatsu masu daraja a kudancin jihar wajen Jema'a, ga tama a Gujeni ta ƙaramar hukumar Kagarko. Mun kuma ga abin da ya sami maƙwabta. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, saboda dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma. A 2015 aka sake yin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ba kowane rami ne ke fitar da guba ba, ya danganta da irin dutsen da ke ciki. Shi ya sa ake gwaji maimakon a tsaya ana zato.

Ƙarafa huɗu ne aka fi nema. Dalma, wadda ke zuwa a jikin dutse mai ƙyalli irin na tozali. Zaiba, wadda masu zinare ke sayowa da kansu don ta kama musu gwal, sannan su ƙona ta ta tashi a hayaƙi. Sai arsanik da kadmiyam, masu bin wasu duwatsun ma'adinai. Dukkansu ba sa ruɓewa. In suka zauna a ƙasa, damina goma ba ta wanke su.

Kayan aiki

Bokitin roba biyu sababbi, ko tsofaffin da aka wanke tas, waɗanda ba a taɓa zuba taki ko maganin feshi a ciki ba.

Cokali babba na roba ko na ƙarfe mara tsatsa, irin na zuba abinci. Shi ne zai taɓa ƙasar da za ta shiga leda.

Shebur ko magirbi na buɗe rami. In kana da ƙarfen murɗawa na haƙar samfur irin na malaman gona, ya fi sauri, amma ba dole ba ne.

Ledoji masu zif, manya, aƙalla biyu ga kowane samfur. In babu, farar leda sabuwa da zaren ɗaurewa ta wadatar. Ban da baƙar ledar da aka riga aka sa wani abu a ciki.

Ambulan manya na takarda, don ganye da hatsi.

Maka, wato alƙalamin rubutu a kan leda, mai tawadar da ba ta gogewa, fensir, da littafin rubutu.

Rariyar roba mai ƙananan ƙofofi, kamar milimita 2.

Safar hannu ta roba da yawa, takunkumin fuska, da takalmin da ke rufe ƙafa.

Ruwa mai tsabta a jarka da burushi don wanke kaya, da tataccen ruwa wanda za ka karɓo a ɗakin gwaji don ɗauraya. Kada ka sayi ruwan batir a bakin titi da sunan tatacce ne, ba ka san a me aka ajiye shi ba, kuma batir ɗin kansa gidan dalma ne.

Kula mai riƙe sanyi da ƙanƙara a ciki, in za ka ɗebi ruwa ko za a gwada zaiba. Sai wayar da ke nuna taswira.

Abin da ba zai shiga jakarka ba: bokitin kwano, duk wani abu na tagulla ko na langa-langa, da shebur mai fenti. Kwano yana da rufin tutiya, wani fentin kuma yana da dalma. Ɗan abin da zai kankare ya faɗa cikin ƙasar ya isa ya sa a ce wa gona mai lafiya tana da ciwo.

1. Fara da ɗakin gwaji, ba da gona ba

Yawancin masu koyo sai sun cika ledoji suke tunanin inda za su kai. Juya abin. Mun yi sa'a a jihar nan, wuraren gwaji ba su yi mana ƙaranci ba. A Zariya akwai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai cibiyar binciken makamashi ta jami'ar, akwai kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa. A cikin garin Kaduna akwai ɗakin gwajin hukumar binciken albarkatun ƙasa ta tarayya, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando don abin da ya shafi ruwa. Je ka ko ka buga waya, ka tambayi abubuwan nan: waɗanne ƙarafa injinsu ke iya aunawa a yanzu, nawa ne kuɗin kowane ƙarfe a kowane samfur, nauyin ƙasa nawa suke so, kuma su za su shanya ko kai.

Ka matsa a kan zaiba da arsanik. Injin da aka fi samu, wanda suke kira AAS, yana auna dalma da kadmiyam ba wahala, amma zaiba da arsanik sai an haɗa masa wani ƙarin kaya. Akwai kuma na'urar XRF, wadda ke ba da adadin dalma a ƙasa cikin mintuna, sai dai in kadmiyam ko zaiba kaɗan ne ba ta cika kama su ba. Wanda ya ce maka "duk muna yi" ba tare da ya faɗi da wane inji ba, sake tambayarsa.

Kuɗin gwaji bisa yawan samfur ake biya. Sanin farashin ne zai gaya maka ledoji nawa za ka iya cikawa, daga nan ka tsara sauran aikin.

2. Nemi izini, sannan ka zaga da ƙafa

Kada ka sauka a ƙauye da safar hannu da takunkumi ka nufi bakin rami. Masu haƙa za su ɗauka jami'in gwamnati ne ya zo rufe musu hanyar abinci, kuma a wasu yankunan namu, musamman yamma, rashin tsaro kaɗai ya isa ya hana ka tafiya ba ɗan gari. Fara da dagaci ko mai unguwa, ka faɗa masa gaskiya: "Ranka ya daɗe, ƙasar gona da ta tsakar gida muka zo aunawa saboda lafiyar yara, ba mu zo kama kowa ba, kuma abin da ya fito kai za mu fara kawo wa." Alƙawarin nan na ƙarshe ka cika shi. Mutanen karkara sun gaji da masu zuwa su ɗebi ƙasa su tafi, shiru kamar an shuka dusa.

Da ɗan rakiyarka ku zaga. Ka zana taswira a littafi, ko da ba ta yi kyau ba: ina ramukan suke, ina ake niƙa dutse, ina ake wankin niƙaƙƙen dutsen, ina aka jibge ragowar ƙasar da aka wanke, ina ake ƙona zaiba. Yawanci gubar ta fi taruwa a wurin niƙa da wurin wanki, ba a bakin ramin ba. Sannan ka bi hanyoyi biyu da take bi ta bar wurin. Ta ɗaya ruwa: duba inda gangare ya nufa, wace fadama ko lambu ne ke ƙarƙashin wurin wanki. Ta biyu iska: a hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, don haka gonakin da ke kudu maso yammacin injin niƙa su ke shan ƙura a rani, da damina kuma ta juya.

Yi tambayoyi kana tafe. Akwai wanda ke kawo dutse gida? Injin da ke niƙa dutse yana niƙa hatsi? An taɓa yin yaɓe ko bulo da ƙasar wurin wanki? Kaji da agwagi suna mutuwa ba dalili? A Zamfara agwagi ne suka fara ƙarewa kafin a ankara da yara.

3. Raba wurin kashi-kashi

Ƙa'idar ita ce, wuraren da ba iri ɗaya ba ba sa shiga leda ɗaya. Tudu daban, fadama daban. Ɓangaren gonar da ruwan wanki ke kwanciya daban da wanda ba ya kaiwa. In ka haɗa ƙasa mai guba da mai lafiya, lafiyayyar za ta surka mai gubar, adadin ya fito tsaka-tsaki, kowa ya koma ya kwanta da kwanciyar hankalin ƙarya. Kashi ɗaya kada ya wuce kadada guda, kusa da wurin aiki ma ya fi kyau ya gaza haka sosai.

In kana son ganin iya inda gubar ta kai, ja layi daga wurin niƙa ka bi gangare ko bayan iska, ka ɗiba a taku hamsin, ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar. Adadin da ke raguwa yayin da kake nisa shi ne shaidar da ta fi ƙarfi cewa daga wurin aikin gubar ke fitowa.

Sai samfurin kwatance, wanda in kuɗi ya gaza gara ka rage wani ka bar shi. Nemi gona mai irin ƙasar, nesa da wurin aiki, a saman gangare, inda ruwan wanki da ƙura ba sa kaiwa, kuma nesa da babban titi da bola. Yankin da ke da ma'adinai dama can ƙasarsa na iya ɗauke da ƙarfe fiye da ta wani wuri. In ba ka da abin kwatantawa, duk wanda sakamakon bai yi wa daɗi ba zai ce haka Allah Ya halicci ƙasar, kuma ba ka da amsa.

4. Ɗibar ƙasar gona

Sa safar hannu. A cikin kashi ɗaya, yi tafiyar karkace daga wannan gefe zuwa wancan, ka tsaya a wurare goma zuwa goma sha biyar. Kauce wa bakin hanya, gindin bishiya, suri, wurin da aka tara taki ko aka ƙona karmami.

A kowane wuri, share ganye da tsakuwa da hannu, ban da kankare ƙasar. Buɗe rami da shebur zurfin santimita 20, wato kimanin taƙi guda, iya inda garma ke juyawa kuma saiwar yawancin amfanin gona ke ci. Yanzu ga inda hankali yake: ƙasar da shebur ya taɓa ba ita za ka ɗauka ba. Sa cokalinka ka kankare fuskar bangon ramin ka zubar, sannan ka yanko ƙasa daga sama har ƙasa da kauri ɗaya, ka zuba a bokiti. Kowane rami ya ba da daidai abin da ɗan'uwansa ya bayar. In gonar kunya-kunya ce, ɗiba a gefen kunya, tsakanin kanta da kwarinta.

Da ka gama kashin, murtsuke ƙasar ka cakuɗa sosai. Juye ta a kan sabuwar leda, baje ta, raba huɗu da gicciye, zubar da kashi biyu masu kallon juna, haɗa sauran biyun ka sake cakuɗawa. Maimaita har ya rage kimanin rabin kilo. Shi ne samfurinka ɗaya.

Kafin ka shiga kashi na gaba, wanke cokali da bokiti da shebur da burushi, ɗauraye, canza safar hannu. Kuma ka jera aikin daga inda kake zaton ya fi tsabta zuwa inda ya fi datti: gonar kwatance da farko, bakin injin niƙa a ƙarshe. Wanda ya fara da wurin wanki zai yi ta raba gubar ga sauran ledojin da cokalinsa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi zuwa cikin rani, ƙasa ta bushe, ba a daɗe da zuba taki ba. Lambun rani kuwa a ɗebi ƙasarsa rana ɗaya da ganyensa.

5. Ƙasar tsakar gida

A ganina wannan ne samfurin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa, don mai bincike yana son gona, gona ce ke cikin takardarsa. Amma yaran da suka mutu a Zamfara ba ta tuwo gubar ta fi shigar su ba. Ƙura ce. Yaro mai rarrafe yana dafa ƙasa ya kai hannu baki ba adadi a yini, kuma hanjin yaro yana tsotse dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba.

A nan ba a haƙa taƙi guda. Dalma tana maƙalewa a saman ƙasa, kuma tsakar gida ba a noma ta balle ta gauraya. Santimita biyu na sama kawai za ka kankara, kaurin yatsa. In ka zurfafa, ka surka. Ɗiba a wurare biyar zuwa goma inda yara ke zama: ƙofar ɗaki, gindin turmi, kusa da murhu, inuwar da ake shimfiɗa tabarma, wurin da ake shanya hatsi. In akwai kusurwar da aka taɓa daka dutse ko ajiye buhunansa, ita kaɗai ta ci leda guda. Sharar ɗaki ma samfur ce mai kyau, a share da sabuwar tsintsiya a juye a leda.

Gidajen da yawa ba a shiga, don haka ka tafi da mace a cikin tawagarka, ka koya mata aikin tun a waje. Matan gida ne ma suka san inda aka yi daka bara da inda yaro ya fi zama, maigida sau da yawa yana bakin rami lokacin.

6. Ganye, saiwa da hatsi

Ɗauki abin da ake ci, a lokacin da ake cin sa, daga kashin da ka ɗebi ƙasarsa. Ganyen alayyafo, latas, yakuwa, rama ko zogale, saiwar karas, dankali, rogo ko citta, ƙwayar masara, dawa ko shinkafa. Tsinko daga tsirrai goma ko fiye a warwatse, ka tara kimanin rabin kilo na ɗanyen ganye, don in ya bushe ba abin da zai rage. Kowane iri da ambulan ɗinsa. Ganye ba ya son leda, zai yi gumi ya ruɓe kafin ka iso Zariya. In tafiyar ta yini ɗaya ce, sa shi a kula.

Raba ganyen biyu. Rabi ka bar shi yadda ya zo, rabi ka wanke shi kamar yadda uwargida za ta wanke kafin ta yanka, sannan ka ɗauraye da tataccen ruwa. A gwada su daban. In wanda ba a wanke ba ya fi yawa sosai, ƙura ce ta hau kansa, wanki da nisantar injin niƙa za su rage matsalar. In duka biyun sun yi sama, shukar ce ke sha daga ƙasa ko daga ruwan ban-ruwa, wanki ba zai yi magani ba. Wannan rabon yana ninka kuɗin gwajin ganye, amma shi ke gaya wa mai lambu abin da zai yi gobe.

Hatsi kuma, ɗebi ƙwayar daga gona, ka kuma ɗebi garin bayan an kai niƙa. Ana samun masara ta fito lafiya daga gona, ta kwaso dalma a wurin shanya ko a bakin inji.

7. Ruwa

Gorar roba sabuwa, ɗauraye ta sau uku da ruwan da za ka ɗiba, cika ta, rufe, sa a kula. Rijiya daban, rafi daban, kududdufin wanki daban. Ana ɗiga wa ruwan gwaji wani asid don kada ƙarfen ya manne a jikin gora, amma wannan aikin ma'aikatan ɗakin gwaji ne. Ko su ba ka gorar da suka shirya, ko ka kai musu ruwan a ranar.

8. Lamba da rubutu

Kowace leda a ba ta gajeriyar lamba da maka, a sa ta cikin leda ta biyu, a jefa 'yar takarda mai lambar da fensir a tsakaninsu, don tawada tana gogewa a bayan babur. A littafi ka rubuta lambar, kwanan wata, ƙauye, zurfi, abin da aka shuka, nisa daga wurin aiki, da lambobin wurin daga taswirar waya. In babu sabis, kwatance ya wadatar: taku tamanin gabas da tsamiyar bakin rafi. Sunan mai gida ya tsaya a littafinka, kada ya hau leda.

Wata dabara: zaɓi samfur ɗaya da ka cakuɗa da kyau, raba shi leda biyu, ba su lambobi daban, kada ka gaya wa kowa. In sakamakonsu ya fito kusa da juna, ka yarda da sauran. In ɗaya ya ninka ɗaya, koma ka nemi a sake.

9. Shanya da tankaɗe

In kai za ka shanya, baje kowane samfur a kan sabuwar leda a ɗakin da iska ke shiga, ba rana, ba ƙura, ba yara, ba kaji. Kwana uku zuwa mako ya isa. Murtsuke da hannu cikin safa ko da muciyar katako mai tsabta, tankaɗe da rariyar roba, zubar da tsakuwa. Sa takunkumi, kuma kada ka yi wannan aikin a gidan da iyalinka suke. Turmin gida da rariyar tuwo ba su da hurumi a nan.

Samfurin zaiba ba a shanya shi, zafi yana sa ta tashi ta bar ƙasar. Cika kwalba mai murfi, sa a kula, miƙa da wuri.

10. Karanta sakamako

Ka nemi a auna jimillar ƙarfen da ke cikin ƙasar, a kuma haɗa da gwajin tsamin ƙasa, wanda za ka ga an rubuta pH. Ba shi da tsada, kuma yana da amfani: ƙasa mai tsami, wadda adadinta ya gaza 6, ta fi sakar wa shuka kadmiyam da dalma.

A takardar za ka ga Pb, dalma ke nan, Hg zaiba, As arsanik, Cd kadmiyam. Awon kuma mg/kg ko ppm, abu ɗaya ne, miligiram nawa a kilo guda. Fara da kwatanta kowane adadi da na gonar kwatance. Ƙasar da ba abin da ya taɓa ta galibi dalmarta ba ta kai 50 ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana ɗaukar 400 a matsayin iyakar da za a fara bincike a ƙasar gidajen zama, a 2024 ta sauko da ita zuwa 200. A wasu gidajen Zamfara an auna sama da 100,000.

Ga abinci, ma'aunin Codex na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyakar dalma 0.3 a kayan ganye, 0.2 a hatsi, 0.1 a saiwa, kadmiyam kuma 0.2 a ganye, 0.4 a gyararriyar shinkafa. A nan mutane da yawa ke tsorata kansu a banza, har da ɗalibai masu rubuta kundi. Waɗannan iyakokin na ɗanyen abu ne, ɗakin gwaji kuwa yawanci busasshe yake aunawa. Ganye kusan kashi tara cikin goma ruwa ne, don haka adadin busasshen alayyafo sai ka raba shi kusan gida goma kafin ka kwatanta. Tambaye su a kan wane nauyi suka rubuta. Ruwan sha kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma da ta arsanik a 0.01 miligiram a lita.

11. In adadin ya yi sama

Yara tukuna. In ƙasar tsakar gida ce ta yi yawa, a kai 'yan ƙasa da shekara biyar da masu juna biyu a gwada jininsu, ko da ba wanda ke ciwo. Gubar dalma tana shigar burtu, ciwon ciki, amai, kasala, suma da jijjiga, a yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 a desilita na jini a fara neman inda gubar ke fitowa. Akwai maganin da ke fitar da ita, amma na likita ne, kuma ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ya baro. Shi ya sa a Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka binne ta a rami na musamman, aka zubo sabuwa, sannan ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba yaran ƙauyen magani. Ka kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, da kwafin sakamakon da taswirarka. Kankare gida ba aikin mutum ɗaya da shebur ba ne, in an yi shi a bushe ƙurar da za ta tashi ta fi wadda ke kwance illa.

Kafin taimako ya iso, a daina kawo dutse gida, masu haƙa su yi wanka su canza kaya a wurin aiki, a yayyafa ruwa kafin shara, a shimfiɗa wa yara tabarma, a wanke musu hannu kafin ci, a raba injin hatsi da na dutse. Tafasa ruwa ba ya cire dalma, ƙara mata kauri yake yi. Rijiyar da ta gurɓace sai dai a bar ta.

Gona kuwa ya danganta da yawan abin. In ya ɗara na kwatance amma bai yi tsanani ba, canza shuka: bar ganye da saiwa, koma masu 'ya'ya kamar tumatir, tattasai da kuɓewa, ko masara da dawa, don dalma ta fi tsayawa a saiwa, ba ta cika hawa har cikin ƙwaya ba. Shinkafar fadama ita ce ta fi kwasar arsanik, saboda kwanciyar ruwa tana sake shi, kuma tana ɗaukar kadmiyam. Farar ƙasa ta noma ko tokar itace na rage tsami, ruɓaɓɓen takin dabbobi na riƙe ƙarfe, takin supa ma na ɗaure dalma. Duk waɗannan ɗaurewa suke yi, ba cirewa ba, gubar tana nan. Ka kuma guji takin bola da ake saye a tifa daga cikin gari, yana zuwa da fasassun batura. Mai ƙaramin lambu zai iya noma a buhu ko a ɗagaggen kwami da ƙasar da aka ɗebo daga wuri mai tsabta, muddin ruwan ban-ruwan ma an gwada shi.

In adadin ya kai ɗaruruwa masu yawa ko dubbai, a daina noman abinci a wurin, a dasa itatuwan katako ko a bar ciyawa ta rufe shi don iska ta daina kwasa, a kuma hana dabbobi kiwo a ciki, don saniya tana haɗiye ƙasa tare da ciyawa. A tare hanyar da ruwan wanki ke bi ya gangaro da kunya ko ramin tsayar da laka. Bayan damina ɗaya ka koma wuraren nan dai da ke cikin littafinka, da zurfin nan dai, a watan da ka yi na farko, ka sake ɗiba.